"Har Jami'a Za Ka Je Ka Koyi Hausa?" Martani Ga Masu Raina Kimiyyar Harshe Da Adabin Kwatance

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, yau alƙalamina da zafi ya fito, don haka tun daga farko ina neman uzuri. Wani abu ne ya faru a gidanmu da ya tsaya mini a rai. Ƙanena ya nemi karatun lauya a jami'a, da sunaye suka fito sai ya tarar an ba shi gurbi a sashen kimiyyar harshe da harsunan Nijeriya. Ya kai wa kawunmu labari yana ɗari-ɗari. Kawu ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Kai yaro, Hausar da ka tsotsa a nono ita za a biya kuɗin makaranta a koya maka? Je ka sake JAMB baɗi." Washegari kuma wani abokinsa mai ƙoƙarin addini ya ƙara masa da cewa ai a irin waɗannan sassa ne ake wani abu wai adabin kwatance, inda ake zaunar da ɗan Musulmi yana karanta tatsuniyoyin Turawa har imaninsa ya yi rauni. Da dare yaron ya same ni ya ce, "Yaya, in haƙura da gurbin nan ne?"

A gaban Kawu ban ce uffan ba, don ba a yi mini tarbiyyar musu da manya ba. Amma maganar ba ta Kawu ba ce shi kaɗai. Ita ce a bakin iyaye, ita ce a bakin samari a majalisa, ita ce a zauren intanet. Kuma a ganina wannan raini yana cikin abubuwan da suka mayar da mu baƙi a cikin gadon kakanninmu. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

IYA MAGANA DABAN, SANIN HARSHE DABAN

Kowa yana numfashi, amma ba wanda ya taɓa cewa karatun likitan huhu ɓata lokaci ne. To, bari in yi wa mai cewa "ai kowa ya iya Hausa" 'yan tambayoyi. Me ya sa muke cewa ya sayi doki, amma ya saye shi, sannan abin da ya saya? Aiki ɗaya ne, me ya canza masa wasalin ƙarshe har sau uku? Me ya haɗa saya da sayo da sayar da sayu? Yaro ɗan shekara biyar ba ya kuskure a cikinsu, amma tara masu digiri goma ka ce su faɗi ƙa'idar, za ka ga ana sosa ƙeya. Wani Bature, F. W. Parsons, malami a Jami'ar Landan, shi ya zauna ya tsara aikatau na Hausa zuwa aji bakwai a shekarar 1960, kuma har yau da tsarinsa ake fara koyarwa.

Ga wata. Kukan jariri da kukar miya rubutunsu ɗaya, karin sauti ne ya raba su. Garin Kano da garin tuwo su ma rubutunsu ɗaya, tsawon wasali ne ya raba su. Rubutunmu na boko ba ya nuna ko ɗaya daga cikin biyun, shi ya sa na'ura mai karanta rubutu take yawan tuntuɓe a Hausa. Kuma me ya sa Basakkwace yake cewa sabka da zamna da amre, Bakano kuma sauka da zauna da aure? Mutane da yawa suna zaton Basakkwacen ne ya karkatar da kalma. Nazari ya nuna akasin haka: nasa furucin ne ya fi daɗewa, a Hausar gabas ne baƙin da ya rufe gaɓa ya narke ya koma wasali. Bajamushe August Klingenheben ne ya bayyana wannan ƙa'ida tun wajen 1928, har ake kiran ta da sunansa.

Misalin da ya fi burge ni shi ne wannan. Ka lura da kalmomin alƙali, alwala, lalura, la'ifi, farilla da lamiri. Dukkansu daga Larabci muka aro su, kuma a asalinsu akwai harafin nan da Larabawa ke alfahari da shi, wanda ake yi wa Larabci laƙabi da shi. A bakinmu ya koma "l". Wasu samari suna jin haka sai su yi dariya, wai tsofaffinmu ba su iya furuci ba. Alhali Sibawaihi, tun ƙarni na biyu na Hijira, ya siffanta mafitar wannan harafi da cewa daga gefen harshe take, ta wajen turamen haƙora, wato maƙwabciyar mafitar "l". A can Andalus ma kalmar alƙali ta shiga harshen Sifaniyanci a matsayin alcalde, da "l" ɗinta a ciki, kuma ita suke kiran magajin gari da ita har yau. Ashe abin da ake yi wa dariya wata alama ce ta tsohon furuci da ya biyo littattafai da malamai har ya iso mana. Wanne fanni ne zai nuna maka wannan in ba kimiyyar harshe ba?

Ita ce kuma take tsare mutum daga shaci-faɗi. Sau nawa ka ji wani ya hau mumbarin hira yana cewa Hausa daga Larabci ta fito? Masana sun rarrabe abu biyu. Akwai aro, kamar littafi da labari da lafiya. Akwai kuma gado na kaka ɗaya mai nisa, kamar "ka" da "ki" na namiji da mace, da "ta" ta mace, da "ma" da ke farkon mabuɗi da makaranta, waɗanda suke da takwarori a Larabci ba tare da wani ya ara daga wani ba. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, shi ya tabbatar da Hausa da 'yan uwanta na rukunin Cadi a cikin babban dangin da ya haɗa Larabci da Ibrananci da harsunan Buzaye da tsohon harshen Masar. Shi ne kuma ya kawo hujja a 1960 cewa kalmomi irin su karatu da rubutu da kasuwa ta hannun Barebari suka shigo mana. Dubi yadda kalma uku suka buɗe babin tarihin shigowar ilimi daga Borno.

WA YA RUBUTA MANA HARSHENMU?

Yanzu mai karatu ya lura da sunayen da na ambata, sannan ya ƙara da waɗannan. J. F. Schön, ɗan mishan Bajamushe, ya buga nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, da taimakon wani saurayi Bahaushe mai suna Dorugu da matafiyi Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. C. H. Robinson, shi ma malamin coci, ya fitar da nasa ƙamus a ƙarshen ƙarni na 19. G. P. Bargery ya buga babban ƙamus a 1934 mai kalmomi kusan 39,000. R. C. Abraham ya biyo baya a 1949. Paul Newman na Amurka ya fitar da kundin nahawun Hausa a 2000, Philip Jaggar na Ingila ya fitar da nasa a 2001.

Ban kawo sunayensu don zagi ba. Sun yi aiki na gaske, kuma duk mai adalci zai yaba. Tambayata ita ce: me ya sa ɗan mishan ya bar ƙasarsa ya ƙarar da ƙuruciyarsa kan harshen da mu muke ganin bai kai a je jami'a dominsa ba? Saboda ya san abin da muka manta: duk mai son shiga zuciyar al'umma ta ƙofar harshenta yake bi. Mai mulki ya san haka, mai wa'azi ya san haka, mai talla ya san haka. Google ta sa Hausa cikin na'urarta ta fassara tun 2013, kuma ba don ƙaunar tuwo da miyar kuka ba.

Alhamdu lillahi, namu ma sun tashi. Farfesa M. K. M. Galadanci ya rubuta nahawun Hausa a 1976. Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tarihin rubuce-rubuce cikin Hausa a 1988. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da babban ƙamusun Hausa zuwa Hausa a 2006, shekara 72 bayan na Bargery. Waɗannan bayin Allah da a ce sun bi shawarar "je ka sake jarrabawa baɗi", da yau ba mu da ko wannan. Kuma aikin bai ƙare ba. Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025. Wa zai tsara kalmomin shari'a da na asibiti da na lissafi? Wa zai rubuta littattafan firamare? Ko su ma sai mun jira wani ya taso daga Hambug?

MAGABATA BA SU RAINA WANNAN ILIMI BA

Ga abokin ƙanena mai ganin wannan karatu baƙon abu ne a wurin Musulmi, ina roƙonsa ya koma tarihi. Khalil bin Ahmad na Basra, a ƙarni na biyu na Hijira, ya tsara ƙamusunsa Kitabul Aini bisa mafitar haruffa, daga maƙogwaro zuwa leɓɓa. Wannan shi ne abin da ake kira ilimin furuci a aji ɗaya na jami'a. Shi ne kuma ya fitar da ma'aunan waƙa goma sha biyar na aruli, daga baya Akhfash ya ƙara ɗaya. Ɗalibinsa Sibawaihi Bafarishe ne, Larabci ba harshen gidansu ba ne. An ruwaito cewa kuskuren i'irabi ya yi a majalisin hadisi aka gyara masa, sai ya ƙudurta neman ilimin da ba wanda zai sake kama shi da lahani. Littafinsa har yau Al-Kitab kawai ake ce masa, kowa ya gane. Ibn Jinni, wanda ya rasu a 392 Hijiriyya, ya yi bincike kan asalin harshe da alaƙar sauti da ma'ana. Abdulƙahir Al-Jurjani, wanda ya rasu a 471, ya nuna cewa fasahar zance tana cikin yadda aka jera kalmomi aka ƙulla su da juna. Duk wannan ɗaruruwan shekaru ne kafin a buga darussan Ferdinand de Saussure a 1916, wanda Turawa ke kira uban kimiyyar harshe ta zamani.

A nan gida ma haka. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, duk da yaƙi da mulki da alƙalanci, ya sami lokacin wallafa Al-Bahrul Muhit a nahawu da Al-Hisnur Rasin a sarfu. Kuma kowa ya san labarin sahabi Zaidu bin Sabit da Manzon Allah (SAW) ya umurta ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙu. Alƙur'ani da kansa, a Suratur Rum, ya ƙidaya saɓanin harsunan mutane cikin ayoyin Allah. Abin da aka kira aya, yaya za a ce duban sa wasa ne?

ADABINMU BA NA HARSHE ƊAYA BA NE

Sai mu zo ga adabin kwatance, wanda aka fi yi wa mummunar fahimta. Fanni ne da ke bin sawun labari ko waƙa ko salo daga harshe zuwa harshe, ya ga me aka ɗauka, me aka bari, me aka sauya, kuma don me. Ɗauki Kalila wa Dimna. Asalinsa Indiya ne cikin harshen Sanskirit, aka mayar da shi tsohon Farisanci, Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci a wajen shekara ta 750 Miladiyya, daga nan ya bazu Turai da Afirka. Wanda ya san harshe ɗaya tak, zango ɗaya na wannan tafiya zai gani.

To, adabin Hausa kansa haka yake. Alhaji Abubakar Imam, da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, ya amfana da Maƙamatul Hariri da ake karantawa a zaurukanmu. A Magana Jari Ce kuwa, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, dabarar aku mai ba da labari don ya tsare mutum daga fita tana da tushe a adabin Indiya da Farisa, wasu labaran daga Dare Dubu da Ɗaya suke, wasu daga tatsuniyoyin Jamus na 'yan uwan Grimm. Wasu da suka ji haka sai suka ce ashe kwafa ya yi. Wannan maganar wanda bai yi nazari ba ce. Gwanintar Imam tana cikin yadda ya tuɓe wa labari rigarsa ta asali ya sa masa babbar riga da rawani, ya ba shi fada da waziri da karin magana, har Bahaushe ya rantse a bayan gidansu abin ya faru. Ba za ka iya auna wannan gwaninta ba sai ka ajiye asalin a gefe ɗaya, na Imam a ɗaya gefen.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da Larabci da Fulatanci da Hausa ta yi rubutu, tana mayar da waƙa daga wannan zuwa wancan don matan ƙauye su amfana ta hannun jajis na 'Yan Taru. Rubutattun waƙoƙinmu da yawa a kan ma'aunan Khalil aka gina su, kamar yadda Galadanci ya nuna, kuma abin ya yiwu ne saboda Hausa ma tana rarrabe gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Ishiriniyar Alfazazi ɗan Andalus da Burdar Busiri ɗan Masar sun zauna a kunnen mawaƙanmu na bege shekaru aru-aru. Saboda haka duk wanda ya ce adabin kwatance kayan aro ne, ya sani cewa malaman Sakkwato da Kano da Katsina aikinsa suke yi tun kafin Goethe ya yi maganar adabin duniya a 1827.

Kuma wannan fanni ya sha zama garkuwa gare mu. Wani limamin Katolika ɗan Sifaniya, Miguel Asín Palacios, ya girgiza Turai a 1919 da ya kawo hujjojin cewa Dante, babban mawaƙin Italiya, ya tasirantu da labaran Isra'i da Mi'iraji. Aka yi ta musu, sai a 1949 aka buga tsofaffin fassarorin Latin da Faransanci na wani littafin Mi'iraji da aka yi a fadar Sarki Alfonso na Goma a ƙarni na 13, wanda ya nuna lallai labarin ya shiga Turai kafin Dante ya rubuta nasa. Har yau masana suna saɓani kan girman tasirin, amma ba mai iya cewa ƙofar a rufe take. Haka Edward Said, Bafalasɗine, Kirista, farfesan adabin kwatance a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, ya fitar da Orientalism a 1978, ya tona yadda marubutan Turai suka ƙera wa Musulmi da Larabawa siffar da ta dace da mulkin mallaka. Da me ya yi wannan yaƙi? Da karanta littattafansu ƙwaƙƙwaran karatu. Ba a mayar da martani ga littafin da ba a karanta ba.

Ban musa cewa akwai abin tsoro ba. A cikin ra'o'in adabi na zamani akwai waɗanda aka gina kan inkarin duk wata tabbatacciyar gaskiya, kuma yaron da ya shiga da kai fanko zai iya ruɗewa. Amma irin wannan haɗari yana nan a falsafa, yana nan a tattalin arziki, yana ma cikin wayar da ke aljihunsa. Maganinsa shi ne ya shiga da tushe, ya riƙe malamansa na zaure, ya karanta ra'i a matsayin ra'i. Tsoron ruwa ba ya koya wa kowa iyo.

LAIFIN NAMU SASSAN

Kada masu wannan fanni su yi murna da wuri, don su ma suna da nasu kason. Wani ɓangare na rainin nan mu muka jawo shi. Mun gina katanga tsakanin sashen Hausa da na Larabci da na Turanci da na Faransanci, kamar gidajen kishiyoyi. Sai ka ga ɗalibi ya gama digiri a Hausa bai iya karanta shafi ɗaya na ajami ba, alhali rabin gadon da yake taƙama da shi a ajami yake. Na Larabci ya haddace Alfiyya amma bai taɓa jin yadda ake kwatanta harsuna ba. Na Turanci yana ambaton Chomsky da littafinsa na 1957, amma ka ce Jurjani ya ce wane ne. Ga kuma cutar haddace 'yan takardun lakca a zubar ranar jarrabawa, da kundin kammala digiri da ake kwafowa daga na bara a sauya sunan gari. Rubuce-rubucen hannu suna jibge a Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, da Sakkwato, da Yamai, da akwatunan gidajen malamai inda gara ke ci. Jami'ar Boston ta Amurka tana ɗaukar hoton rubutun ajami tana adanawa, mu kuwa jikokin marubutan muna tambayar wane aiki za a samu da wannan.

Batun aikin ma bari in taɓa shi, don Kawu yana da hujja, kuma ba zan yi wa kowa ƙaryar cewa akwai kujera tana jiran sa ba. Amma yau wane kwas ne yake da wannan tabbacin? Abin da na sani shi ne kotu tana buƙatar tafinta wanda ba zai jefa marar laifi kurkuku da kuskuren kalma ɗaya ba. Asibiti yana buƙatar wanda zai mayar da bayanin magani Hausar da tsohuwa za ta gane. Gidajen rediyo, tun daga BBC da ta buɗe sashen Hausa a 1957, da masu fassara suke rayuwa. Kamfanonin kwamfuta suna neman wanda ya san tsarin harshe. Sai dai duk waɗannan ƙwararre suke nema. Wanda ya zauna shekara huɗu yana jin haushin an hana shi lauya, ya fito da takarda ba ilimi, shi kam zai sha rana, kuma ba laifin fannin ba ne.

SHAWARATA GA ƘANENA DA IRE-IRENSA

Na ce masa ya karɓi gurbinsa, bisa sharaɗi huɗu. Ya koyi ajami tun shekarar farko, ko da a wurin malamin allo na unguwa ne. Ya ƙarfafa Larabcinsa har ya iya buɗe littafin nahawu da kansa. Ya ƙara harshe ɗaya bayan Turanci, ko Faransanci don 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi, ko Fulatanci, ko Barbarci. Sannan duk hutu ya zauna da kakarmu da na'urar ɗaukar magana, domin akwai kalmomin saƙa da jima da noma a bakinta waɗanda in ta tafi sun tafi ke nan. Na kuma ce masa ya koma wurin Kawu da ladabi, ya durƙusa, ya tambaye shi dalilin da ya sa ake cewa ya sayi doki amma ya saye shi. Na san Kawu, mutum ne mai son ilimi. Zai yi dariya, zai yi shiru, sannan zai ce, "To, je ka koyo ka zo ka faɗa mini."

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya jiƙan malamanmu da suka riƙe alƙalami kafin mu, Ya sa mu zama magada nagari. Amin.

Wassalamu alaikum.